Ƙwayar Suga Uku a Haɓar Hijabin Luba

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan makon, da muka rasa Lubabatu. Da tana raye da yanzu shekararta ashirin da ɗaya. Ni gwaggonta ce, ƙanwar mahaifinta, kuma malamar lissafi a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, a nan Bodinga. A hannuna take zaune, a makarantarmu take karatu, a gabana kuma ta faɗi. Duk wanda ya zo ta'aziyya a lokacin cewa ya yi ciwon suga ne ya ɗauke ta, ni ma na gyaɗa kai. Haka ne, amma akwai saura, kuma sauran ne ya hana ni sakat. Na kira yarinyar nan maƙaryaciya, ta bar duniya ban janye ba.

Yayana Umaru ne ya kawo mini ita daga ƙauyenmu da ke bayan Shagari, don ta yi sakandare. Manomin gero da albasa ne, bai taɓa zama a aji ba. Tun ranar da na gama kwalejin horon malamai ya daina kiran sunana, Hansatu, ya koma ce mini Malama, duk da shi ya goye ni ina ƙarama. Ya zo da buhun albasa, da jakar kayanta, da 'yar kwalbar allurar insulin a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da wata takarda daga asibiti a Sakkwato. Shekara guda kafin nan Luba ta yi ta ramewa, ga shan ruwa kamar me, ga yawan fitsari, har aka gano ciwon. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Ga ta nan, Malama. Ke kin fi mu sani." Na karɓa, na jefa cikin akwati ban ko buɗe ba. Ai na fi su sani! Mai ciwon suga ba ya shan suga, wa bai san wannan ba?

Na kuwa tsare ta da gaske. Na binne kwalbar allurarta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don kada zafi ya lalata ta. Na koma dafa wake da tuwon alkama. Ita take yi wa kanta allura safe da yamma, ba ta taɓa yin raki ba. Yarinya ce mai shegen barkwanci. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki ludayi ta kai bakinta, ta daidaita murya irin ta masu karanta labarai a rediyo, ta ce, "Ga labaran duniya daga gidan Gwaggo. Rahotanni na cewa an sake dafa wake, karo na huɗu a mako ɗaya. Jama'ar gida sun koka." In kore ta da muciya, ta gudu tana ƙarasa labarin daga bayan ɗaki. Ban haihu ba, kuma kafin zuwanta ban san gidana shiru gare shi ba.

Wata Asabar cikin damina ina zaune ina shan shayi, ina ware kayan wanki, sai na ji ƙulli a haɓar hijabinta na makaranta. Na kwance. Ƙwayar suga ce guda uku, a ɗaure cikin 'yar leda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ƙwala mata kira na ce, "Ke ashe kashe kanki kike son yi a hannuna?"

Ta ce, "Gwaggo, likita na yac ce in riƙa yawo da shi. In na ji jikina na rawa in sha."

Na ce, "Wane likita ne zai ce mai ciwon suga ta sha suga? Ni za ki yi wa wayo? Kwaɗayayya kawai, maƙaryaciya!"

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu. Na jefa ƙwayoyin nan uku cikin shayina, na juya da cokali, na shanye tana kallo. Sannan na kulle gwangwanin suga a kabad. Ran nan ba a karanta labaran duniya ba. Na ce a raina fushin yara ne, zai wuce.

Litinin ta zo. Luba ta yi allurarta da safe kamar kullum, amma itace ya jiƙe da ruwan sama, koko ya ƙi dahuwa. Ni ce mai tsaron ƙofar makaranta a makon, ba zai yiwu mai hukunta 'yan makara ta makara ba. Na ce mata ta taso, ta ci wani abu in an tashi tara, lokacin hutun cin abinci. Aka yi dogon taron safe a tsaye, daga nan aka tura ajinsu cire ciyawa a fili. Ba a kai ga tashi tara ba sai ga 'yan mata a guje suna ihu, "Malama, Luba ta faɗi! Iska ce!" A zangon nan an sha faɗuwa a makarantar ana cewa aljanu ne, don haka kafin in isa malamin addini ya riga ya durƙusa yana karatu a kanta.

Na same ta sharkaf da gumi, hannuwanta na karkarwa, tana ta lalube a haɓar hijabinta, inda babu komai. Ta ɗago ido ta gan ni, ta ce, "Gwaggo… suga."

Jama'a, suga ta ce. Roƙona take yi. Ni kuwa sunan ciwo na ji. Na miƙe da isa irin ta wadda ta fi kowa sani, na ce, "Malam, ba iska ba ce, suganta ne ya tashi." Inna Hajo, tsohuwar da ke sayar da zoɓo da alawa a bakin ƙofa, ta kutso da gorar zoɓo tana cewa a ba yarinyar nan ta jiƙa maƙoshi. Na ture hannunta na ce, "Kashe ta za ki yi?" Na sa aka samo ganyen shuwaka aka matse, na ɗura mata ɗaci. Sau uku Luba ta faɗi kalmar nan, ta ukun da ƙyar ta fito. Daga nan ta yi shiru, muka ɗauka barci ne. Muka kwantar da ita a ɗakin malamai muna yi mata fifita, muna jiran suga ya sauka. Sai da azahar ta gabato, muka tashe ta ta ƙi tashi, sannan aka nemo keke mai ƙafa uku.

A asibiti wata nas ta soki yatsanta, ta dubi na'ura, ta dube ni. Ta ce, "Tun yaushe take haka?" Na faɗa mata. Ta ce, "Innalillahi. Malama, ƙasa ya yi, ba sama ba. Da ko alawa ta samu tun tana magana." Aka yi mata allura, aka sa mata ƙarin ruwa, aka wuce da ita Sakkwato. Ba ta farka ba. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar uku na buɗe akwati na ɗauko takardar nan. Gargaɗin likita yana nan a ƙasa, da biro, har an ja layi a ƙarƙashinsa: ta riƙa yawo da suga, kada ta yi allura ta zauna ba ta ci ba, in ta fara rawa da gumi a ba ta abu mai zaƙi nan take. Da Turanci aka rubuta, harshen da nake koyarwa da shi kullum. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma sanin bai taɓa mayar mini da ɗanɗanon shayi ba. Har yau ba na iya sa masa suga.

A shekarun nan na zama abin tsokana a makaranta, "Malama Mai Suga" suke ce mini, ban damu ba. Na ajiye gwangwanin ƙwayar suga a kowane aji, a hannun shugabar aji. Duk sabon malamin da aka turo, kafin ya san inda alli yake na zaunar da shi. Ina gaya masa cewa ciwon nan fuska biyu gare shi, suga yakan hau yakan kuma faɗi, kuma ga yaro mai allura faɗuwar ta fi saurin kisa. In ya ga gumi da karkarwa da magana ba kan gado, ya ba da zaƙi muddin yaron na iya haɗiya. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai, a ruga asibiti. A yi addu'a, amma a yi ta a hanya. Na yi rigima da wata shugabar makaranta da ta ce in aka bar ɗaya ta ci abu a aji, gobe duk za su ce suna da suga. Na ce mata, "Hajiya, gara ɗari su yaudare mu da mu sake ɗaukar ɗaya." Ta san rabin labarin, ta ƙyale ni.

Kada mai karatu ya ɗauka an gyaru. Makarantarmu har yau ba nas, na'urar gwajin da ke akwai tawa ce. Na je makarantu a wajen Dingyadi da Danchadi na tambaya, malamai na kirki, masu tausayi, suka ba ni amsar da ni ma zan bayar shekara bakwai baya. Iyaye da yawa suna ɓoye ciwon don kada a riƙa nuna 'yarsu da baki. Akwai yaran da ke riƙe fitsari don kunyar yawan neman izini. Ranar da aka canja mini wurin aiki, ban sani ba ko wani zai tuna ya cika gwangwanayen. Nakan tambayi kaina me Luba za ta ce da ta ga wannan. Na san dariya za ta fara yi. Za ta ɗauki ludayi ta ce rahotanni daga Bodinga na cewa matar da ta kulle suga a kabad yanzu ita ke rabonsa aji-aji. Daga nan ina jin za ta sauke ludayin ta tambaye ni, "To sauran makarantun fa, Gwaggo?"

Abu ɗaya na kasa duk tsawon shekarun nan, wato gaya wa Yaya Umaru. Bai san abin da na yi da ƙullin ba. Duk kaka yana aiko mini da albasa yana sa mini albarka, wai na riƙe masa 'ya da amana. Watan jiya na gaji, na hau mota zuwa Shagari. Na same shi ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a ƙofar gida. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da shayin, har da sunan da na kira ta. Na shirya ya tsine mini, wallahi da ya yi da na ji sauƙi.

Ya daɗe yana kallon butar da ke hannunsa. Can ya ce, "Hansatu." Rabon da in ji sunan nan a bakinsa na manta. Ya ce, "Likita hannuna yak kama, yag gaya min zancen nan har sau biyu. Ƙullin farko ni na ɗaura mata shi. Na zo gidanki da maganag ga a bakina, sai na ce ina ni ina koya ma Malama? Na ji kunya, na yi shiru. Shekara bakwai ina cewa ni na kashe ɗiyata."

Muka zauna a ƙofar gidan, dattijo da ƙanwarsa, muna kuka kamar yara. Shi kunyar rashin boko ta rufe masa baki, ni girman kan boko ya toshe mini kunne, yarinya kuwa ta faɗa mana gaskiya tun farko. Ya yafe mini, na yafe masa. Wadda ya kamata mu roƙa ba ta nan.

Me ya rage na Luba? Ba ta bar hoto mai kyau ba, littattafanta ma gara ta ci rabi. Amma akwai wata ɗaliba a ajina bana, Rabi, mai irin ciwonta. Mahaifiyarta ta zo da kanta ta yi mini bayani, na saurara har ƙarshe, na karanta takardar a gabanta sau biyu. Makon jiya ina tsakiyar darasi na ga Rabi ta goge gumi, ta kwance haɓar hijabinta, ta jefa ƙwaya a baki, ta ci gaba da rubutu. Ba ta nemi izini ba, ba wadda ta waiwaya. Ni ce na juya ga allo na tsaya riƙe da alli, har 'yan aji suka ɗauka lissafin ne ya ɓace mini.

Allah ya jiƙan Lubabatu, ya haskaka kabarinta, ya yafe mana. Ita mai son a karanta labarai ce, kuma akwai guda ɗaya da na hana ta ƙarasawa. Ga shi yau a jarida, inda kowa zai gani, daga gidan Gwaggo: Luba ba kwaɗayayya ba ce, kuma ba ta yi ƙarya ba. Likita ne ya ce.