Rigar Siminti a Jikin Soron Inna

Gidanmu na tsohuwar unguwa a Kankiya ba gidan da baƙo zai tsaya kallo ba ne. Zaure ne guda mai ƙaramar ƙofa, wadda ko gajere sai ya sunkuya, sai tsakar gida, sai soro biyu na ƙasa masu rufin azara. Kakan babanmu ne ya gina shi da tubali, kuma kaurin bangon ya isa yaro ya kwanta a bakin taga ya yi barcinsa. A soron gabas kakarmu Inna Tabawa take kwana. A ƙofarsa take hura wutar kara lokacin sanyi, mu kewaye ta bayan an ci tuwo, gyaɗar Kunduru tana gasuwa cikin toka.

Inna ta iya tatsuniya, amma tana da wani hali mai ƙona rai. Za ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata," mu amsa, "Ta iso, ga tabarma." Labari zai ɗau zafi, kura ta kusa cafke akuya, sai kawai ta waiga ta nuna cikin soro. "Kun ga azarar can baƙa? Tun daga Kusada maza suka ɗauko ta a ka."

"Haba Inna, kurar fa?" Ni ne kullum mai ƙorafi.

"Kai, maigidan nan nawa akwai gajen haƙuri! Kura ina za ta? Azarag ga ita ke riƙe maka sama kana kwana."

Tatsuniya ɗaya ce tak take kai wa ƙarshe ba ratse, ta Zanzaro mai ɗakin laka. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Zanzaro yakan tara danginsa su kwaɓa ƙasa su yi wa ɗakin yaɓe. Da ya mutu, ɗansa ya ce shi ya gaji da taka laka da kiran mutane. Ya je wurin Katantanwa ya aro riga mai sheƙi, ya lulluɓe ɗakin ruf. Kowa ya wuce sai ya yaba. Ruwa kuwa ya sami ɗan tsagi ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Ran nan ɗan Zanzaro ya jingina da bango, rigar ta rufta da shi, babu komai a cikinta.

"Ƙasa numhwashi take, kamar ku," in ji Inna. "Ta ƙare, ku tashi ku ba ni wuri."

Ba ma son wannan tatsuniyar. Babu kura, kuma ba a cinye kowa ba.

Namu yaɓen ma haka yake. Da bazara kawunnanmu za su zo daga Fakuwa da Sukuntuni, a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa da kashin jaki, a bar ta ta ruɓa, sannan manya da yara mu hau bango da hannu, mata suna dama fura. Bayan rasuwar Inna sai abin ya fara yi wa mutane nauyi. Babban wanmu, Yaya Sada, wanda ke aiki a Katsina, ya ce a shafe gidan da siminti kowa ya huta. Na ce masa bangon ƙasa ba ya shiri da siminti, har na tuna masa da Zanzaro. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yanzu kai da gemunka, da tatsuniya za ka yi mana gini?"

Kowa ya bi bayansa. Aka shafe, aka yi fenti, kuma gaskiya gidan ya yi kyau. Daga nan ba a sake tara kowa ba, don babu abin da za a zo yi.

Ni ke zaune a gidan yanzu. Tun bara in na ƙwanƙwasa bangon Inna sai ya amsa kamar fasasshiyar ƙwarya. Na yi ta faɗa har aka fara ce mini mai neman magana. Tsakiyar daminar bana wani faffaɗan ɓawon siminti ya ɓalle ya faɗo. Ƙasar da ke bayansa ta jiƙe sharaf, yatsa yana nutsewa. Na buga wa 'yan'uwa waya, na ce a zo a ɓamɓare sauran a yi yaɓe tun bangon bai zube ba. Wannan ya ce Allah ya kyauta, wancan ya ce gona ta riƙe shi. Yaya Sada ya ce, "Nemo mai siminti ya liƙe wurin mana." Na ajiye wayar.

Da ina yaro na ɗauka bango kaɗai Inna take ji wa tsoro. Yanzu na ga har da ranar da za a kira dangi ba su zo ba.

A wurin da simintin ya ɓalle, shatin yatsun yaɓenmu na ƙarshe ya bayyana, manyan hannaye daga sama, ƙanana daga ƙasa. Ina tsaye da kwanon laka ni kaɗai, ina ƙoƙarin gane na wane da na wane, hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya wanke su kafin wani ya zo ya gani.