Malam Jadawali da Jan Layi

Mijin yayata shekararsa ashirin da biyu yana zaune a bayan taga ɗaya a tashar mota. Shi ke rubuta ƙarfe nawa kowace mota za ta tashi, ƙarfe nawa za ta iso, da direban da zai ja ta. Direbobi suka laƙaba masa Malam Jadawali, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa yabo ne. Ofishin nasa tebur ɗaya ya cika shi. Akwai fanka da ta daina juya kai, agogon bango har biyu don kada ɗaya ya yi masa ƙarya, da gwangwanin madara cike da fensir, kowanne a fiƙe. Idan fasinja ya iso a guje da kaya niƙi-niƙi, mota kuma ta riga ta fita ƙofa, Malam ba ya ko ɗaga kai. Magana ɗaya gare shi, ita ce: "Mota ba ta jiran kowa."

A gida ma haka yake. Akwai lokacin cin abinci, akwai lokacin kunna talabijin, kuma na taɓa gani da idona ya duba agogo kafin ya yi wa baƙo sannu da zuwa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ba ya zagi, ba ya duka, ba ya hana iyalinsa abin da suke buƙata. Shi dai ya yarda cewa duk abin da bai shiga takarda ba bai isa a yi shi ba, kuma babu wanda ya iya takarda a duniyar nan sai shi.

Ni tela ce, shagona na ƙarshen layinsu, kuma ni nake ɗinka wa 'ya'yansu kayan makaranta tun daga manyan har zuwa Auta, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu yanzu. Auta na da shekara shida lokacin da ubanta ya dawo gida da wata takardar talla da fasinja ya mance a kan benci. Ba don yarinya ya kawo ta ba, bayanta ya ga fari ne zai yi lissafi. Takardar ta wani katafaren filin wasa ce a wani gari mai tafiyar yini guda a mota, mai lilo iri-iri da abubuwan hawa masu juya mutum sama da ƙasa. Auta ba ta kalli ko ɗaya ba. Idonta ya tsaya a kan wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ja, da yarinya zaune a gaba tana kaɗa ƙararrawa, jirgin yana shirin shiga rami.

Ta kawo mini takardar shago a ninke. Ni na karanta mata ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin hoton: jirgin na yara ne waɗanda tsayinsu bai wuce santimita ɗari da talatin ba. Tef ɗina fuska biyu gare shi, inci da santimita, na juya shi na auna ta, ɗari da sha uku. Na ɗauki jan alli na ja layi a bangon shago daidai ɗari da talatin, na ce mata, "Kin ga, da sauranki da yawa."

Uban ya yi alkawari a gabanmu cewa za a je. Babu abin da zai hana. Hutunsa ya taru bai ɗauka ba, kujerun mota kuwa a hannunsa suke. Abu ɗaya ya rage a yanke, shi ne kwana nawa za a yi. Duk mai hankali zai gama wannan shawara kafin shayinsa ya huce. Malam Jadawali ya sayi sabon littafi mai shafi ɗari biyu.

Yayata ta ce, "Baban Auta, mu yi kwana biyu mu dawo mana."

Ya ce, "Kwana biyu? Kin san abubuwan hawa nawa ne a wurin? Talatin da ɗaya. Ki raba mini talatin da ɗaya gida biyu in gani."

"To mu yi uku."

"Uku kuma in an gama da wuri sai a zauna a masauki ana kallon juna? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bar ni in tsara."

Aka bar shi yana tsarawa har dogon hutun makaranta ya zo ya wuce.

Shekara ta biyu ya shiga bincike. Mutumin da bai taɓa ce wa fasinja sannu ba, sai ga shi yana tsare duk wanda ya yanki tikitin garin nan yana masa tambayoyi ta taga kamar ɗan sanda. Wani ya ce masa yini ɗaya ya isa. Wata ta ce sun yi mako guda ba su gama ba. Wani kuwa ya ce shi gaisuwar mutuwa za shi, a ba shi tikitinsa. Malam ya rubuta duka, ya haɗa, ya raba, ya sami kwana uku da rabi. Wata biyu ya yi yana neman inda zai kai rabin nan.

Auta kuwa ba ta san da lissafi ba, girma kawai take yi. Duk ranar da ta biyo ta shago sai ta cire takalmi ta jingina da bango, ta ɗaga ido tana neman jan layin. Da na auna ta don sabon kayan makaranta, ɗari da ashirin. Wata rana ina tsakar taka keke ta matso kusa da ni ta ce, "Anti, in mutum ya daina shan madara, yana daina tsawo?" Na tambayi uwarta, ashe sati biyu ke nan tana ture kofin madararta, ana zaton ƙyuya ce irin ta yara. Ranar na ji haushin mutumin nan har cikin raina, na kasa ƙarasa ɗinkin da ke gabana.

A shekara ta uku ya sanar da cewa ya gama: kwana huɗu. Har yayata ta fito da jakunkuna ta kakkaɓe. Sai wani direba, Allah ya shirye shi, ya faɗa masa an ƙara sababbin abubuwan hawa uku kuma an sauya lokacin buɗe ƙofa. Malam ya ce ai tsari ya rushe, dole a sake daga shafin farko, a bari sai hutu mai zuwa.

Na san shiga sharo ba shanu ne, amma na rufe shago na tafi tasha. Na bi layi da fasinjoji, don ko matarsa ce ta zo sai ta bi layi. Da na iso taga na ce, "Yaya, yarinyar nan ta kai ɗari da ashirin da shida. Saura yatsu uku ta taɓa layin."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa na tausayin jahilai, ya buɗe bayan littafin ya juyo mini da shi. Ashe har girman yarinyar ya yi wa jadawali. Ya ce, "Ke tela ce, ƙanwata, ki tsaya a kan tef. Na duba, yara a shekarunta santimita biyar suke ƙarawa a shekara. Nan da wata tara za ta kai ɗari da ashirin da tara da ɗigo bakwai. Muna da sarari. Sannu ba ta hana zuwa."

Na ce, "Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Ya leƙa bayana ya ce, "Na gaba."

Ana saura sati guda tafiya na auna Auta ban faɗa mata abin da na gani ba. Ta wuce layin. Na ja yayata gefe, ta dafe ƙirji ta ce kada in gaya wa kowa, wataƙila ma'auninsu bai kai nawa tsanani ba. Muka yi abin da za mu iya. Na nemo mata silifas mai siririn ƙasa, uwarta ta yi mata kitso kwance luf da kai. Aka ce in zo mu tafi tare, na yarda, don ba zan bar su su biyu da mai littafi ba.

Filin wasan ya fi hoton kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tun daga ƙofa Auta ta ce, "Baba, mu fara da jirgin." Ya ce jirgi na rana ta uku ne, ƙarfe goma da minti arba'in, don yana ɓangaren gabas, yau kuma ranar ɓangaren yamma ce. Haka muka yi kwana biyu muna binsa a baya yana gaba da littafi, muna jiyo ƙararrawar jirgin daga nesa. Tun kafin azahar ɗin farko tsarin ya wargaje. Ya lissafa mintin da kowane lilo ke yi, ya lissafa takun da ke tsakaninsu, amma bai sa layi a lissafi ba. Shekara ashirin da biyu yana kallon layi ta taga, bai taɓa tsayawa a cikinsa ba, bai san yana cin lokaci ba. Ya tsaya cikin rana yana gumi yana gogewa da gyarawa, yana cewa ma'aikatan wurin ba su san aiki ba.

Rana ta uku muka isa wurin jirgin. Ja ne kamar yadda yake a hoto, har da ƙararrawar. A bakin shiga akwai allo da jan layi, da wata matashiya mai hular ma'aikata tana tsayar da yara ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Auta, ba wanda ya ce mata komai ta cire silifas ɗin ta ajiye. Ta jingina da allon, ta ɗan lanƙwasa gwiwa a cikin siket, ta sunkuyar da wuya. A nan na gane ta daɗe da sani.

Matashiyar ta ce a hankali, "Miƙe sosai, ƙanwata." Auta ta miƙe. Yatsu biyu ne a saman layin.

"Ku yi haƙuri," in ji matashiyar. "Ramin gajere ne, kanta zai iya buguwa. Ba a yarda in bar ta ba."

Malam ya matso da littafinsa a buɗe. Ya ce allonsu ne ba daidai ba, ya nuna mata shafin da aka rubuta ɗari da ashirin da tara da ɗigo bakwai. Ya ce daga nesa muka zo, ya ce shekara uku yana shirya tafiyar nan, ya ce a kira masa shugabanta. Muryarsa har rawa take, irin ta fasinjan da mota ta bari. Matashiyar ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Da bara kuka zo, Baba, da ta hau." Ta ɗaga sarƙa yaran bayanmu suka wuce.

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tsaya a jikin shinge ba takalmi, ta kalli wata yarinya ta zauna a gaba ta kaɗa ƙararrawa, ta kalli jirgin ya shiga rami ya fito ta ɗaya gefen. Uban yana nan yana ta bayani ga bayan matashiyar. Auta ta sa silifas ɗinta, ta je ta ja hannun rigarsa ta ce, "Baba, ƙyale ta. Mota ba ta jiran kowa." Sannan ta ce, "Mene ne na gaba a littafin?"

Ya tsura wa littafin ido. Na yi zaton abin ya shige shi, har na fara jin tausayinsa. Muka ƙarasa yini da rabin da suka rage, Auta tana hawa duk abin da aka ce ta hau, tana sauka lokacin da aka ce ta sauka.

A motar dawowa ina zaune a bayansu, yayata ta rufe ido kamar mai barci, Auta ta jingina kai da gilashi. Malam ya fito da fensir ya yi ta bin shafukansa har muka yi nisa. Can ya rufe littafin, ya juyo gare mu da fuskar wanda ya gano gaskiya, ya ce, "Ashe kwana uku ma ya isa."

Washegari da na buɗe shago na ɗebo ruwa da tsumma zan goge jan layin kafin Auta ta biyo, sai na tarar allin ya kama bango, ya ƙi fita.