Dutsen da Ke Bayan Taya

Ni na cire wa motar nan hambirki da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya zaci zan ɗora wa ƙaddara.

Irin motar da muke cewa karafan ce a nan Jidda, gida a kan taya: gado, murhu, banɗaki, har da 'yar firij. Tsohuwar ƙirar Amurka, ta kafilinmu, wato mai riƙe da takardun zamanmu, wani dattijon Balarabe da Yayana ya yi wa direba tun yana saurayi, ni kuma nake bakanike a garejinsa na Sa'alaba. Duk lokacin zafi sai ya kwashi iyalinsa a ciki su hau dutsen Ɗa'ifa. A wajen saukowa daga dutsen birkin baya yakan yi zafi har ya yi ƙauri, Yaya ya taka ya ji kamar katifa yake takawa. Birkin ganga ne irin na da, kayansa kuma sun ƙare a kasuwa. Sai na je tashlih, inda ake yanka matattun motoci, na ciro birkin faifai daga wata babbar mota da ko sunanta ban duba ba, na yi walda, na ɗaura. Ya kama sosai, wannan kam ba ƙarya. Amma shi hambirki a cikin gangar yake zaune. Ganga ta tafi, ya bi ta. Giyar fakin kuwa haƙorinta ya daɗe da cinyewa, ba ta riƙe komai.

Na gaya wa dattijon. Ya ce, "Malesh, ba komai, ya usta. Duwatsu sun ƙare a ƙasar nan ne?" Usta, haka ake kiran bakanike a nan. Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Da tafiye-tafiye suka gagare shi, sai aka ajiye motar a istiraharsa, wani fili mai katanga da itatuwa a gabashin gari, can inda ƙasa ta fara tudu. Filin gangare ne, daga inda motar take har zuwa katangar tankin ruwa. Aka kawo wani baƙin dutse mai sulɓi, girman kabewa, aka cusa a bayan tayar baya. Shekara da shekaru shi ne hambirkin, kuma bai taɓa kasawa ba.

Sai ɓarin jikin Yaya ya shanye. A shekarar kuma aka rushe unguwar da suke haya. 'Ya'yansa biyu mata ne, ɗaya tana aure a Madina, ɗaya a Sudan. Ni ɗakina guda ne, a hawa na uku, babu lif. Dattijon, Allah ya jiƙansa, kafin ya rasu ya ce Yaya da matarsa su shiga karafan ɗin su zauna. Matakala biyu ce kawai zuwa ƙasa. Da safe Hajiya, matarsa, takan riƙe shi ya sauko, ya zauna a kujera ƙarƙashin bishiyar maina yana kallon tsuntsaye, yana gaisawa da mai gadi. Duniyarsa ke nan, kuma ta ishe shi.

Ɗan dattijon, wanda ya gaji komai har da takardunmu, ya fara ba da istirahar haya ana biki a ciki. Wata Juma'a ya kira ni, ya nuna dutsen da ƙafarsa.

"Ya ammi," in ji shi, wato baffa, "mene ne wannan?"

Na ce, "Birki ne, Ustaz."

Bai yi dariya ba. Ya ce yara suna wasa a filin nan duk ƙarshen mako, ba zai bar tan biyar na ƙarfe a kan dutse ba. "Ka sa mata birki na gaskiya kafin ƙarshen wata, ko in kira tashlih. Halas, magana ta ƙare." Ba zan ce zalunci ya yi ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi yi mini ciwo.

Ga mai irin wannan mota, bari in gaya maka abin da na sani, tunda na biya kuɗin karatun da abin da ya fi kuɗi. Hanya mafi kyau ita ce a ɗaura ƙaramar ganga ko faifai a kan farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, bayan giya, da wayarta daban. In ka ja, ta riƙe da ƙarfe, babu ruwanta da mai ko batir. Na je wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, ya auna, ya girgiza kai, ya ce aikin mako biyar ne in ya samu sarari, kuma bai samu ba. Akwai kuma mamatsin faifai mai hannu a jikinsa, wanda waya ke ja. Shi ma mai kyau ne, amma sai ka san lambar faifanka. Na zagaya shaguna har na gaji, kowa ya ce, "Wace mota ce?" Ni kuma ban sani ba, motar da na ciro a jikinta an narkar da ita tuntuni. Sai na lantarki, na zamani, ka danna maɓalli ya kulle. Wani ya nuna mini takardarsa a waya, zane-zane da Turanci. Ni a aji huɗu aka mayar da ni gida saboda iƙamar babanmu, takardar izinin zama, ta mutu. Larabci ina karantawa a hankali, Turanci kuwa ƙwari ne a kan takarda. Na ce masa batirin motar ba shi da ƙarfi. Ƙarya ce, kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya.

Saura ɗaya: makullin mai. Ɗan ƙaramin famfo ne da ake sawa a bututun man birki. Ka taka birki, ka murɗa shi, mai ya tsaya a matse, faifai ya kame. Aikin rabin yini. Kowane bakanike ya san wannan na tsayuwar minti goma ne, ka sauke kaya ka wuce. Mai yana sulalewa, ko ta robar da ta tsufa, ko don zafin rana da sanyin asuba. Na sani. Ba zan ce ban sani ba. Na gaya wa kaina dutse yana nan, famfon na idon Ustaz ne kawai, kafin mai injin ya samu sarari.

Na ɗaura ranar Talata da hantsi. Hajiya tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Tsakanina da ita tun ranar da aka kawo ta gidanmu tsiya ce, ba ta taɓa barina in sha ruwa lafiya ba.

"Usta babba," in ji ta, "wannan ɗan abin kamar kan buta shi zai riƙe gidana?"

"Ke dai ki riƙe bakinki, shi zai riƙe nasa."

"Wancan karon ma haka ka ce. Ka zo gyara birki ka tafi da rabinsa."

Yaya yana kujera yana dariya da rabin bakinsa. Ya ce, "Ƙyale ta, Auta. Yalla, mu gani." Ina da furfura har a gira, amma a wurinsa Auta nake.

Na tayar da mota, na matsa gaba kamar taku ɗaya don ta saki dutsen, na taka, na murɗa, na sauko. Ta tsaya cak. Ustaz ya zo da la'asar, ya sa mai gadi ya tura, shi ma ya sa kafaɗa, ko gezau. Ya ce, "Tamam." Na juya na kalli Hajiya na ce, "To, kin gani? Halas, ta samu birki." Kalma ɗaya ta rage in ƙara: kada a taɓa dutsen nan. Tana bakina. Amma in na faɗa a gaban Ustaz, ya gane. In na faɗa mata a gefe, ta samu abin yi mini gori har in mutu. Na mayar da dutsen kusa da taya da ƙafata, na tafi.

Yaya a lokacin yana da gyambo, an hana shi sa ruwa, taimama yake yi. Ɗan dutsen da yake amfani da shi ya ɓace wajen kwashe kaya daga tsohon gida, tun sannan sai ya riƙa shafa bangon katanga, Hajiya na riƙe da shi. Ta daɗe tana kallon baƙin dutsen nan, ga sulɓi, ga tsabta, amma taya ta danne shi. Yanzu taya ta sake shi, kuma usta ya ce halas. Ta gangara shi zuwa bakin ƙofa, ta wanke, ta ajiye inda Yaya zai kai hannu daga kujerarsa. Ya yi salla da shi kwana uku, an ce har ya sa mini albarka.

Ranar Asabar, wajen azahar, tana dafa shayi a ciki, shi yana kwance. Ta ce ba ta ji ƙara ba, sai ta ga bishiyar maina tana tafiya a taga. Motar ta gangara da baya a hankali, ta ƙara sauri, ta daki katangar tanki. Butar shayi ta kife a ƙafar Hajiya. Yaya ya faɗo daga gado ya bugu a kafaɗar da ba ta ji, shi ya sa bai yi ihu ba. Ranar babu biki, babu yara a filin. In da akwai, da ba a ɗakina nake rubuta wannan ba.

Ustaz bai zage ni ba. Ya kalli katangar, ya kalli famfon, ya ce, "Ka san ba zai riƙe ba?" Na ce na sani. Washegari motar jan motoci ta zo daga tashlih, ta tafi da ita.

Mu huɗu muka ɗauki Yaya a kan kujerar roba muka hau da shi hawa uku, muna hutawa a kowace kwana. Na bar musu ɗakin, ni ina kwana a gareji. Tagar tana kallon bangon maƙwabci ne, in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Sau biyu aka sauko da shi tun daga ranar, duka zuwa asibiti.

Hajiya ta daina yi mini tsiya. In na kawo cefane sai ta ce, "Sannu, an gode," kamar baƙo. Sau ɗaya ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba, ko da ta bar dutsen da ba haka ba. Na ce mata laifina ne. Ta ce ba abin da ta tambaya ba ke nan.

Yaya kuwa bai taɓa tayar da maganar ba. Jiya na shiga na tarar ya juya fuska ga bango. Na gaishe shi, ya amsa. Can ya ce, "Auta, a waje rana ake yi, ko hadari?"