Tatsuniyar da Muka Riƙa Ƙarasa wa Inna

A gidanmu na Ƙofar Taramniya, da an idar da magariba sai kakarmu Inna ta jawo tabarma kusa da murhu, ni da yayata Ige mu zauna gabanta. Wadda muka fi so ita ce tatsuniyar matar majemi mai 'ya'ya bakwai, da ta ƙulla sunan kowane ɗa a zare guda, ɓera kuwa yana zuwa kullum ya cinye ƙulli ɗaya.

Wata shekara Inna ta fara tsayawa a tsakiyar labari. Sai ta dubi wuta ta ce, "Sai mi, ɗiyana?" Mu kuwa mu yi ta rige-rigen ƙarasa mata, muna tsammanin gwada mu take yi. Shekara uku muna cike mata gurbi. Ranar da ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu, manya suka ce tsufa ne kawai.

Na girma, fatauci ya kai ni ƙasashe. A Alƙahira na raka wani abokina asibiti, aka sa masa hula mai wayoyi, lantarkin ƙwaƙwalwarsa ya fito layi-layi a allo. Likitan ya gaya mini da Larabci cewa a ciwon mantuwa na Alzaima layukan nan kan fara yin sanyi tun mutum bai manta sunan kowa ba. Nan take na tuna Inna da murhunta.

Bana Yaya Ige ce ta fara tsayawa a tsakiyar magana. Wata biyu ina fama da ɗanta Sani kafin ya yarda mu je asibiti.

Kullum sai ya ce, "Kawu, mi ya kai mu sa wa tsohuwa waya a kai? Tsuhwa na."

A asibiti likita ta ce sai ta ji amsoshin Yaya kafin ta rubuta gwajin hula mai wayoyi. Ta tambaye ta wace rana ce yau, Sani ya ce Talata. Ta tambayi abin da ta karya da shi, ya ce kunu.

Na ce, "Sani, kama bakinka. Haka muka yi wa Inna."

Yaya ta juyo gare shi, ta ce, "Sai mi, ɗana?"

Da ina tsammanin ɓeran ne mugun labarin. Yanzu haushina yana kan irinmu, masu riƙe wa tsohuwa zaren don kada a ga inda ya gutsure. Na kama hannun Sani na fitar da shi, na rufe ƙofa, na bar Yaya ta amsa da kanta.