Garkar Mati da Yaran Hutu

Mati ɗan Jibo maƙwabcina ne a gona tun kafin in yi aure. Garkarsa na bakin Bahar, babban koginmu, kudu da Abu Hujar, tawa na bayanta, shingen ƙaya ne kawai tsakaninmu. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ɗan yatsansa ɗaya a lanƙwashe tun ranar da bel ɗin injin ban ruwa ya kama shi. Magana ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tambayi aiki ya ce alhamdu lillahi, ya sunkuya ya ci gaba da abin da yake yi.

Kakansa ya taso daga yamma da niyyar hajji, ya tsaya nan don ya huta, bai ƙara gaba ba. Shi ya dasa mangwaron farko. Mati ya ƙara ayaba da lemun tsami da gwaiba, yana kuma noman kayan miya a tsakaninsu. 'Ya'ya uku Allah ya raya masa, babu wanda ya zauna. Tahir yana tuƙin mota a Sa'udiyya, Nasir ya yi karatu a Madani ya zauna can, autarsu Samira aure ya kai ta Khartum. Gida ya rage daga shi sai matarsa Sharifa.

A bazarar 2016, da aka ba da dogon hutun makaranta, Samira ta zo gida da 'yarta Rayan mai shekara bakwai. Kwana biyu yarinyar na kuka. Ga zafi, babu lantarki, Hausa kuma ba ta ji sai "zo" da "bari". A rana ta uku Sharifa ta gaji.

"Malam, tahi da ita garka," in ji ta. "Ko ta ga ruwa hankalinta ya kwanta."

Ya ɗora ta a karo, wato keken jakinsa, suka taho. Da suka iso sai ya zuba mata iri a tafin hannu ya nuna mata ƙasa. Ta tambaye shi da Larabci ko mene ne. Ya ce bamiya ce. Ta dube shi ta ce ƙarya yake, bamiya doguwa ce kuma kore, a kasuwa ake samun ta. Ina bayan shinge na ji dariyarsa. Tun da nake tare da shi ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba.

"Sunanta kuɓewa," ya ce mata. "Shuka ki jira kwana biyar, ki gani in ƙarya nike."

Washegari ta zo da jikokin Salih mai shago su biyu, waɗanda su ma hutu ya kawo su daga Sinnar. Kafin Juma'a sun zama tara.

Haka abin ya fara, ba wanda ya shirya shi. Daga baya ne Ibtisam, malamar firamaren ƙauyenmu, ta shigo ta tsara: ta rubuta sunayen yara, ta bi iyaye gida gida, ta sa kowa ya zo da hula da gorar ruwa. Kowace shekara daga Maris har ruwan farko, da hantsi za ka ji Mati na buga wani guntun ƙarfe a kan karo. Ƙanana su hau, manya su bi a ƙasa. Kafin la'asar ya mayar da kowa ƙofar gidansu.

Aikin garka bai tsaya don su ba. Motar masu sayen ayaba na zuwa, ana cirar albasa, ana yankan ciyawar awaki, yara na cikin duka. Kowanne yana da fangalinsa, da sunansa a jikin ɗan gwangwani. Sun koyi buɗe wa ruwa hanya da fartanya, su toshe da laka in fangali ya cika. Dokokin Mati biyu ne. Ba a zuwa bakin kogi sai da shi. Sannan ka yi Larabcinka yadda kake so, amma shuka da kayan aiki da sunansu na Hausa za ka kira su. Wanda ya ce mulukhiya ba ya jin sa, sai ya ce lalo.

Sharifa ita ke riƙe da rakuba, rumfar zana da ke ƙarƙashin babban mangwaro. Iyaye na aiko da garin dawa ko sukari, ita ta yi kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar abin da yaran suka tsinko da safe. In rana ta take, su kwanta a tabarma su ce ta yi musu tatsuniya. Ba ta yarda, ta ce ba a tatsuniya da rana. Sai dai ta ba su labarin ƙuruciyarta a garin Hajj Abdalla, yadda suke tsinkar auduga tun asuba, yadda ta taɓa faɗawa tur'a, wato magudanar ban ruwa, garin bin tinkiya.

Ba na manta wani yaro Mujtaba, daga Umdurman. Makon farko da safa da takalmi yake shiga laka, ba ya son ƙasa ta taɓa shi. Amma fangalinsa ya fi na kowa kyau, don yana bin ciyawa ɗaya ɗaya. Wata safiya akuyata ta ƙetare shinge ta cinye masa lalo tas. Yaron ya zauna a ƙasa yana kuka. Mati bai rarrashe shi ba. Ya leƙo ta shinge ya kira ni.

"Uzairu, taho ka ba mai gona haƙuri."

Na zo ina dariya. Na ga fuskar Mati babu wasa, na haɗiye dariyar. Na durƙusa gaban ɗan shekara tara na ce na yi laifi. Mati ya tambaye shi hukuncin da ya yanke. Yaron ya share hanci ya ce in gyara shingen, kuma in kawo sabon iri. Duka biyun na yi.

Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, hutu ya ƙare. Yaran gari su koma aji, baƙi su hau bas da ɗan buhun abin da suka noma. Mati yakan yi mako guda ba ya ko amsa gaisuwa da kyau. Sharifa takan ce mini in ƙyale shi, zai warware.

A cikin azumin 2023 yaƙi ya tashi a Khartum. Motoci suka riƙa sauke mutane da katifu da tukwane, kowane gida a ƙauyen ya cika. Samira da Rayan suka dawo, Mujtaba da mahaifiyarsa suka dawo. A shekarar hutun bai ƙare ba, don ba a buɗe makarantu ba. Yaran garka suka haura sittin. Waɗansu in injin ya yi ƙara sai su kwanta a ƙasa su toshe kunne. Da Mati ya lura, ya koma tayar da shi tun da sassafe ya kashe kafin su iso. Ya sare ayaba layi biyu don kowa ya sami fangali. Rayan ta kai goma sha huɗu, ita ke yi wa sababbi tafinta, da irin Hausar kakanta sak, har da "mi kike so" da "tahi can".

Wata rana muna zaune a bakin shinge, yara na ta hayaniya a bayanmu, Mati ya ce:

"Uzairu, in gaya maka wani abu, kada ka faɗa wa kowa. Ƙasa na ƙonewa, mutane sun rasa gidajensu. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin shekara kamar wannan ba. Kunyar kaina nike ji."



A daminar 2024 yaƙin ya iso mu. Cikin kwana biyu ƙauyen ya watse, wasu a kwale-kwale, wasu a ƙafa cikin taɓo. Babu sallama. Yaran da Mati ya raba wa iri ranar Talatar makon, yawancinsu bai sake ganin su ba. Mun yi kwanaki a hanya kafin mu kai Gadarif, aka sauke mu a wata makaranta. Sharifa ta kamu da zazzaɓi tun a hanya, ta yi sati uku ta rasu. Samira ta roƙe shi ya bi su Masar. Ya ce a'a, lemunsa na jiran ruwa.

Mun dawo a farkon 2025. Babu inji, babu jaki, babu karo. Ayaba ta bushe, rakuba ta faɗi. Mangwaro da rabin lemun ne suka tsira. Yanzu Mati ya haura saba'in, da jarka yake ɗibo ruwa daga kogi yana bin itatuwan.

Ibtisam tana Kassala. Ta tattara lambobin iyayen da ta samu, yara suna aiko da saƙon murya ta wayata. Duk la'asar Mati yakan zo mu hau wani tudu inda waya ke kamawa. Ya kara ta a kunnensa mai kyau, ya sa in maimaita masa kowane saƙo sau biyu. Yana sane da inda kowa yake: su wane a Bur Sudan, wance a Atbara, jikokin Salih a Kampala. Goma sha ɗaya ne ba mu da labarinsu, Mujtaba na ciki. Duk baƙon da ya sauka a kasuwar Abu Hujar sai Mati ya tambaye shi.

A bazarar da ta wuce Lukman mai gyaran famfo ya same shi a garka, ya ce yaransa uku na zaune a gida, ko zai karɓe su kamar da.

"Wa za ya dafa musu?" in ji Mati.

Lukman ya ce matarsa za ta riƙa aiko da abinci. Mati ya dubi inda rumfar take a da. Ya ce a bari ya yi tunani. Har ruwa ya sauka bai ba da amsa ba, Lukman kuma bai sake tambaya ba.

Makon jiya Rayan ta kira daga Alƙahira, muryarta na yankewa. Mati ya tambayi lafiyar uwarta, ya tambayi karatu. Sannan ya ce ko akwai wani ɗan fili kusa da su, ko da ƙarami ne, inda mutum zai iya taka ƙasa.

Ta ce wa kakan nata, "Jiddu, a bene na shida muke."

"To," ya ce. "Allah shi yi miki albarka."

Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki jarkarsa ya gangara kogi.