Ƙarfen get a ƙofar motar soja

Ni mai walda ne a Bolori. Get nake yi, da tagogi, da gadajen ƙarfe. Ba wanda ya taɓa koya min aikin motar yaƙi.

Ƙanena soja ne, Allah ya jiƙansa. Wata Talata da hantsi ya tsaya ƙofar shagona da a-kori-kurar rundunarsu, shi da direba.

"Yaya, sulke za ka yi mata."

"Ina motoci masu sulken da kuke ta cika mana baki za a kawo?"

Ya yi dariya. "Suna hanya. Ƙasar da ke sayar mana sai takarda ta zaga ofis-ofis, a duba ko mu mutanen kirki ne. Kafin su gama na yi furfura kamar kai."

"Marar kunya. Riƙe min nan."

Na ɗauko farantin ƙarfe mafi kauri da nake da shi, irin wanda nake yi wa masu hali get. Niyyata in ninka shi biyu a kowace ƙofa. Direban ya ce nauyin zai yi yawa, kuma motar da ba ta gudu a rairayi kabari ce. Sai ƙanena ya raba gardama: a ninka ƙofar direba, don in shi ya faɗi kowa ya faɗi. Tasa ƙofar falle ɗaya ya isa. Na yi yadda ya ce.

Ba a cika wata biyu ba aka yi musu kwanton ɓauna. Direban ya fito da rai. Mu ba a nuna mana gawa ba, kabari kawai aka nuna mana. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta zauna min a ƙirji: waldata ce ta saki?

Shekaru sun shuɗe. Kwanan baya ina cikin aiki na ji a rediyo wai gwamnatin waccan ƙasar da ƙanena ya ce tana sayar musu da motoci za ta gyara tsarinta na sayar wa ƙawayenta kayan yaƙi, a rage zagayen takardu. Na ajiye aiki na saurara. Dalilin da aka fi nanatawa shi ne jinkirin yana sa masu saye su koma wata kasuwa. Ashe ciniki ne ya fara kuɓuce musu. Na tofar da yawu, na kashe rediyon. Namu manyan da suka tura yara daji da ƙarfen get, su ma ban ji wanda ya ce uffan ba.

Direban ne ya gaya min an zubar da tsofaffin motocin a wani fili wajen Maisandari. Na daɗe ina ɗaga tafiyar kafin na hau keke na je. Na gane motar su ƙanena da aikin hannuna, don kowane mai walda ya san ɗinkinsa. Na bi layin waldar ƙofar ƙanena da yatsa daga sama har ƙasa. Ko tsaga babu. Hudar harsashi uku ne a tsakiyar farantin, kowace babban yatsana yana shiga.

Mai gadin wurin ya ce, "Baba, lafiya?"

Na ce masa aikina na zo dubawa.

"To, ya yi kyau?"

Na ce masa ɗinkin dai ya riƙe.