Rabin Shafin da Jariri Ya Yage

Kowa a unguwar ya san ajin Malama Ƙara-murya, ko da bai taɓa leƙa makarantar ba. Telan bakin titi yana taka keke yana bin karatun, har ya haddace labarin akuyar da ta faɗa rijiya ba tare da ya zauna a benci ba. Daga bakin malamar laƙabin ya fito. Takan tsaya gaban allo da 'yar sandarta, ta nuna jimla ta karanta, yara su amsa gaba ɗaya, ita kuma ta kara hannu a kunne ta ce, "Ban ji ba, ku ƙara murya!" Haka aka koya mata tana yarinya, haka ta yi ta koyarwa har furfura ta cinye mata kai. Iyaye kuwa rububin ajin suke yi, don a wurinsu aji mai ƙara shi ne aji mai karatu.

A ajin akwai jikarta, wadda ake kira 'Yar Firit saboda ƙanƙantarta. Ita ce gwanar aji. In baƙi suka zo, ita ake tsayarwa ta zuba karatu kamar famfo, kakar na gefe kanta na kumbura. Baɗi za ta wuce aji huɗu, inda malami ba ya karanta wa kowa, littafi kawai zai miƙa maka.

Wata Asabar Malama na guga a tsakar gida, sai ga yarinyar da kuka, ƙanenta mai rarrafe ya yage rabin shafin labarin akuya.

"Share hawayenki, za mu nemo wani," in ji Malama. "Karanta mini abin da ya rage in ji."

'Yar Firit ta ɗora littafin a cinya ta fara, yatsa na bin layi. Yatsan ya kai inda takarda ta ƙare, ya sauka a kan siket ɗinta, ya ci gaba da tafiya. Bakin ma bai tsaya ba, sai da aka ciro akuya daga rijiya.

Malama ta ajiye dutsen guga. "Nuna mini inda aka rubuta rijiya."

Yarinyar ta dubi shafin, ta dubi kakarta. "Kaka, fara mini daga farko, zan kai wurin."

Tsoro ne ya kama Malama, ba fushi ba. Ashe kallon kitse take yi wa rogo. Ta tuna yaran da suka wuce ta hannunta, wasu har sun yi 'ya'ya, ta rasa nawa ne a cikinsu suka tafi da karatu, nawa suka tafi da waƙa kawai. Ta ji kunya sosai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ran Litinin ta ja benci ɗaya zuwa bakin taga. Ta yanka kwali ƙanana, ta rubuta haruffa da gaɓoɓi, tana cakuɗa su yadda haddar ba za ta ceci kowa ba. Tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, sauran na kwafar kalmomi daga allo. Wasu sun iya da gaske. Da yawa kuwa amsa-kuwwa suke yi a bayan waɗanda suka iya.

Aji ya yi tsit. Tela ya tare ta a hanya yana tambayar ko jikin ne ba daɗi. Shugaban makaranta ma ya kira ta ofis.

"Malama, iyaye na ƙorafi. Sun ce sun daina jin karatu."

"Ranka ya daɗe, ni ma sai yanzu na fara jinsa. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango."

Ya yarda, amma da ɗaure fuska. Wannan bai dame ta ba kamar maganar 'Yar Firit, wadda yanzu take in'ina a kan gaɓoɓi irin su ba da bo a gaban ƙawayenta. "Da ni ce ta ɗaya," in ji yarinyar, "kin mayar da ni daƙiƙiya." Ta daina zama kusa da kakarta wajen cin abinci. Malama ta haɗiye abin, washegari ta sake baza mata kwalayen.

Ana gab da hutu, Malama na ninke kaya, sai yarinyar ta zo da kanta ta zauna da tsohon littafin. Ta fara karantawa a hankali, tana tuntuɓe, tana komawa baya ta gyara. Yatsan ya rarrafa har bakin yagar, ya tsaya.

"Kaka, nan takardar ta ƙare."

"Ba kin san sauran ba?"

"Na sani. Amma ai ba a rubuce yake ba."

Muryar ƙasa-ƙasa take, da ƙyar ta wuce tabarmar da suke kai. Malama ba ta ce a ƙara ba, ta ji kowane harafi.